Kabkabe da Haƙurin Mai Dafa Shi

Akwai wani irin wake da ba mu saba nomawa a ƙasar Hausa ba. Larabawa suna kiransa hummus, mutanen Sudan kuwa suna ce masa kabkabe. Ƙwayarsa ta yi kama da gujjiya, sai dai tana da ɗan tsini kamar bakin ɗan tsako. Duk duniya ba ƙasar da ta kai Indiya nomansa. 'Yan'uwanmu Hausawa mazauna Sudan sun san shi sarai, gama da azumi a kan dafa shi a yi balila ta buɗe baki.

To, ni a ganina babu abin da ke ɓata wannan abinci kamar gaggawa. Busasshen kabkabe tauri gare shi kamar tsakuwa. Wanda ya zuba shi a tukunya haka nan, sai ya ƙone itace mai yawa, ya kuma ci abin da zai kumbura masa ciki. Mai hankali kuwa tun da dare ya ke jiƙa shi, ya bar shi awa 8 zuwa 12 cikin ruwa, har ƙwayar ta kumbura ta ninka girmanta. Da safe ya tsiyaye wannan ruwa, ya zuba sabo, ya ɗora. Cikin awa ɗaya ko biyu ya nuna. Sai a barbaɗa gishiri, a matsa lemun tsami.

In kuma gasawa za a yi, sai a tsane shi, a shanya ya sha iska. A Indiya cikin yashi mai zafi su ke soya shi, kamar yadda iyayenmu mata su ke soya gyaɗa. Wuta kaɗan a ke so, ana juyawa, don kada bayansa ya ƙone cikinsa ɗanye.

Wani zai ce wannan jira ya yi yawa. Amma fa ruwa ne ke yin aikin, mutum yana barci. Itacen da aka rage kuɗi ne ya zauna a gida, bishiya ce kuma ta tsira a daji.

Yara, ku riƙe wannan ko a wajen dafa waken gidanku. Ba banza magabata suka ce mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa ba.