Mangazar Hatsi a Jihar Damagaram: Darussan 2005 da 2024

Kowace shekara, da zarar an fara girbi a watan Oktoba, jama'a sukan tambayi juna ko damina ta yi albarka. Akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke raba mai ƙoshi da mai yunwa a watan Yuli: hatsin da aka samu, ina aka ajiye shi, wa ke kula da shi, kuma nawa ne zai rage a lokacin da rumbunan gida suka ƙare? A jihar Damagaram damina ɗaya ce a shekara, ba ta kuma wuce wata uku zuwa huɗu. Abincin da aka noma cikin wannan ɗan lokaci shi zai riƙe mutane wata goma sha biyu. Saboda haka mangaza, ko ta gwamnati ce ko ta bankin cimaka na ƙauye, daidai take da gona wajen muhimmanci.

Ajiya daɗaɗɗiyar sana'a ce a Damagaram

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin ya zama babban zangon ayarin raƙuma masu zirga-zirga tsakanin Kano, Agadas da Tarabulus. Unguwar Zango ita ce masaukin fatake, inda ake sauke kaya, a ajiye, a sake ɗaurewa. Geron Damargu kuwa shi ne ke ciyar da mutanen Azbin. Manoma suna ajiye gero a cikin rumbu da zangarniyarsa, dami-dami, ba tare da an sussuke ba, domin a haka ya fi jure wa ƙwari.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Nijar ta kafa ma'aikatar OPVN a 1970 domin saye, ajiya da sayar da cimaka. Ba a daɗe ba fari na 1973 zuwa 1974 ya auku. Cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974, har da zargin karkatar da abincin agaji. Wannan ya nuna cewa a Nijar maganar mangaza tana iya kaiwa har ga kujerar mulki.

Abin da 2005 ta koyar

Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta afka wa gonaki da makiyaya. Gwamnati ta ba da sanarwar giɓin hatsi na kimanin ton 223,000. Idan aka kwatanta da abin da ƙasar ke ci a shekara, giɓin bai kai girman na 1984 ba. Duk da haka, kimanin mutum miliyan 3 da dubu 600 suka shiga halin ƙarancin abinci, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda aka sani da noma, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Buhun gero mai kilo 100, wanda ake saye wajen jika 10 a kaka, ya kusanci jika 30 a wasu kasuwanni a tsakiyar damina. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara. A watan Agusta na 2005, Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zo Damagaram da kansa ya ga halin da ake ciki.

Me ya sa abin ya yi tsanani haka? Dalili na farko shi ne hatsin tsaro da ke cikin mangazun ƙasa ya yi ƙasa ƙwarai da adadin da aka tsara ajiyewa. Da aka tashi saye, farashi ya riga ya hau a Kano da sauran kasuwannin maƙwabta. Dalili na biyu shi ne nisa. Abincin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sai ya ratsa ƙasar Benin, ya ƙetare kogin Kwara a Gaya, sannan ya kama doguwar hanyar gabas. Daga Yamai zuwa Damagaram kaɗai kusan kilomita 900 ne. Sai a watan Agusta aka fara rabon abinci kyauta ga kowa, lokacin da ruwan sama ya ɓata hanyoyin ƙauyuka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ana cika mangaza a kaka, lokacin da hatsi ke da araha kuma hanya take a bushe.

Abin da ya sauya tun 2023

Bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. An buɗe iyaka da Najeriya a watan Maris na 2024. A daminar 2024 kuma Nijar ta ga ambaliyar da ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba. A watan Oktoba na wannan shekara gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso.

Waɗannan abubuwa suna nuni ga gaskiya biyu. Ta farko, jihar da ke nesa da teku kamar Damagaram ba za ta dogara ga abincin da zai zo daga waje a kan kari ba. Abin da aka ajiye a Mirya, Magarya, Matamaye, Tanut da Gure shi ne zai fara ceton mutane. Ta biyu, a da fari ne abin tsoro, yanzu ruwa ma ya shiga sahun maƙiyan mangaza. Hana fitar da hatsi ba zai amfanar ba idan hatsin da aka tsare a gida ya ruɓe a cikin ɗaki mai yoyo.

Yadda mangaza ta gari take

Wajibi ne a gina mangaza a kan tudu, nesa da kwari da magudanar ruwa, a wurin da mota ko amalanke za su iya isa ko da damina. Daɓen ya ɗara ƙasar waje tsawo, a kuma shafe shi da siminti. A yi ƙananan tagogi a sama, masu fuskantar juna, domin iska ta ratsa, a rufe su da ragar waya saboda tsuntsaye da ɓeraye. A binciki rufin a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko. Mai ajiya ya shiga da rana ya rufe ƙofa. Duk inda ya ga haske yana shigowa ta kwano, nan ruwa zai biyo. A liƙe duk wata tsaga a bango, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A share ciyawa da shara a kewayen ginin. Kada a haɗa hatsi da takin zamani, maganin ƙwari ko man fetur a ɗaki ɗaya.

Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. A jera buhuna a kan shimfiɗar katako, a bar tazarar kusan mita ɗaya tsakanin jeri da bango, da tsakanin jeri da jeri, yadda mutum zai iya zagayawa ya duba. A giciya buhunan hawa bayan hawa, kamar yadda magini ke giciya tubali, don kada jerin ya zube. Kowane hawa ya ƙunshi adadi ɗaya, ta yadda ƙidaya za ta yi sauƙi: hawa 8 mai buhu 10 kowanne, buhu 80 ke nan. A ware gero daban, dawa daban, wake daban, sabon hatsi kuma kada ya gauraya da tsoho. Buhun da ya fara shiga shi ya kamata ya fara fita.

Hatsi mai danshi ba ya ajiyuwa. Ga gwaji mai sauƙi: a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, sai a mayar da shi shanya. Maganin ƙwari mai ƙwaya wanda ke fitar da iska mai guba aikin ma'aikatan da aka horar ne kaɗai. Kada a taɓa amfani da shi a ɗakin da mutane ke kwana, ko a ɗakin da ya haɗa bango da shi, domin iskarsa tana kisa.

Dako da awo

Asara mai yawa a bakin ƙofa take aukuwa, wajen lodi da sauke kaya. Ƙugiya tana huda buhu, jefowa daga kan mota tana fasa shi. A shimfiɗa tamfol a ƙasa domin a tattara abin da ya zube, a ɗinke buhun da ya yage nan take. Buhu mai kilo 100 ya fi ƙarfin bayan mutum ɗaya; tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Buhu mai kilo 50 da kurar turawa suna kare lafiyar ƴan dako, suna kuma rage ɓarna.

Tiya ɗaya ta gero tana kai kimanin kilo biyu da rabi, wato buhu mai kilo 100 yana ɗauke da tiya 40. Mu ɗauki misalin bankin cimaka mai buhu 100, wato tiya 4,000. Idan ƙwari, ɓera da rashin daidaiton awo suka ci tiya 4 a kowane buhu, an yi asarar tiya 400, daidai da buhu 10. Gidan da ke cin tiya 2 a rana zai yi kwana 200 yana cin wannan hatsi. Idan aka maimaita haka shekara uku, jarin bankin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ba tare da an ga ɓarawo ko ɗaya ba. Don haka a yi amfani da tiya guda wadda kowa ya yarda da ita wajen saye da sayarwa, in da hali kuma a auna da sikeli.

Littafi da mabuɗi

Bankunan cimaka da dama a ƙasashen Sahel sun durƙushe bayan ƴan shekaru, galibi saboda bashin da ba a biya ba da lissafin da ba a rubuta ba. Kowane jeri ya sami katinsa, wanda ke nuna ranar shiga, ranar fita, adadi da abin da ya rage. Mai riƙe mabuɗi daban, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗansu a hannun mutum biyu. Kowane wata a ƙidaya buhuna a gaban shaidu, a kwatanta da littafi, a karanta sakamakon a bainar jama'a. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mangazar da ba a ƙidayawa ita ke jawo hannun da ba na gari ba. A nan ne amfanin ajin yaƙi da jahilci yake bayyana, gama wanda ya iya karanta kati da haɗa lamba ba a rufe masa ido, kuma mata, waɗanda suka fi kowa sanin awon tiya, sun cancanci kujera a kwamiti.

Dabaru biyu da aka gwada a Nijar

Ta farko ita ce buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 tare da masu bincike na cibiyar INRAN ta Maraɗi. Leda biyu masu kauri ne a cikin buhu na uku. Idan aka ɗaure kowacce daban da kyau, iska ba ta shiga, ƙwaron wake ya mutu ba tare da magani ba. Sharaɗin shi ne waken ya bushe, ledar kuma ba ta da huda.

Ta biyu ita ce jinginar da amfanin gona, wadda wani shirin hukumar FAO ya fara a Nijar a 1999. Ƙungiyar manoma tana ajiye hatsinta a mangaza mai kwaɗo biyu, ɗaya nata, ɗaya na asusun ba da lamuni. Manoma su karɓi rance su yi sana'ar rani, su biya bayan wasu watanni, su karɓi hatsinsu lokacin da ya yi daraja. Tsarin ba ya tafiya sai da mangaza mai kyau da littafi mai tsabta, kuma a shekarar da farashi bai hau ba, ribar takan yi ƙaranci.

Aikin da ke gaban kwamiti

Kafin sabon hatsi ya shigo, kwamitin kowace mangaza ya fitar da ragowar tsoho, ya share ɗakin tun daga rufi har daɓe, ya shanya katakai da tsofaffin buhuna a rana, ya karɓo bashin bara, sannan ya kira taron gari ya karanta lissafi. Wanda ke buƙatar ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na ƙaramar hukumarsa.