Tafintocin Afganistan da Nauyin Alƙawari

Ranar 15 ga Agustan 2021 mayaƙan Taliban suka shiga Kabul, bayan mako biyu kuma jirgin sojan Amurka na ƙarshe ya tashi. Cikin waɗanda aka bari a baya har da tafintocin da suka shafe shekaru suna fassara wa sojojin Amurka da Birtaniya harsunan Pashto da Dari. Tun 2009 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar ba su biza ta musamman, amma dubbai suka zauna jiran gawon shanu. A Birtaniya kuwa, a 2022 aka saki bayanan mutum kusan 19,000 masu neman mafaka bisa kuskure, gwamnati ta rufe zancen da umarnin kotu har Yulin 2025.

Mu da ke Babura da Kazaure, dab da iyakar Nijar, wannan ba labarin nesa ba ne. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disambar 2023, na Amurka suka bar Agadas a 2024. Kuma sojan baƙo ba ya aiki sai da ɗan ƙasa: tafinta, direba, mai gadi. Ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa, ɗan gida ne ke saura da tabon.

Na san akwai mai cewa: ai su suka zaɓi yi wa 'yan mamaya aiki, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ba na wanke mamaya. Sai dai ko da tafinta ya yi kuskure, kuskurensa bai sauke nauyin da ke wuyan wanda ya yi masa alƙawari ba, matarsa da 'ya'yansa kuma ba su da laifi.

Mu duba sira. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya dawo daga Ɗa'ifa, Muɗ'im ɗan Adiyyu ne ya ba shi kariya ya shiga Makka, alhali mushriki ne, a kan haka ya mutu. Bayan yaƙin Badar, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, Annabi ya bayyana cewa da Muɗ'im yana raye ya nemi a saki fursunonin, da ya sakar masa su. Ba a manta alherin ba ko bayan mai shi ya kwanta dama. Aya ta 6 ta Suratut Tauba kuma ta umarci a ba mushriki mafaka idan ya nema, a kai shi inda zai aminta. To ina ga wanda kai da kanka ka jefa cikin haɗari?

Don haka ba wa tafintocin nan mafaka ba sadaka ba ce, bashi ne. Ƙasar da ta iya kwashe dubban sojoji cikin 'yan makonni ba za ta ce takardar biza ta gagare ta ba.

Matasanmu masu jin Turanci da Faransanci kuwa, kafin ku karɓi aikin baƙo mai bindiga, ku tambayi kanku: ranar da ya tafi, wa zai tsaya muku? Allah Ya sa mu cikin masu cika alƙawari.