Tantin alfarma a dajin Zakuma: wa ke cin moriyar giwa?

A watan Oktoban 2025 gwamnatin Cadi ta sanar da soke yarjejeniyar da ke tsakaninta da ƙungiyar African Parks, wadda ke tafiyar da gandun dajin Zakuma tun 2010. Ma'aikatar muhalli ta zargi ƙungiyar da ƙarancin zuba jari, da sake ɓullar farautar sata, da rashin mutunta hukumomin ƙasa. Ba a cika mako biyu ba ɓangarorin biyu suka daidaita, aka koma aiki. Rigimar ta lafa, amma tambayar da ta tono tana nan: idan baƙo ya zuba miliyoyin sefa don ya kwana cikin tanti a tsakiyar daji, ina kuɗin ke tafiya, kuma me mutanen kewaye ke samu?

An kafa gandun Zakuma a 1963 a kudu maso gabashin Cadi, kusa da garin Am Timan, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 3,000. A farkon shekarun 2000 akwai giwaye fiye da 4,000 a cikinsa. Zuwa 2010 saura wajen 450, saboda mahaya dawaki masu bindigogi da ke shigowa neman haure, yawancinsu daga wajen iyakar Sudan. Bayan da African Parks ta karɓi aikin, an sake horar da masu gadi, an ɗaura wa wasu giwaye na'urar bin sawu, an kuma raba rediyo ga ƙauyukan kewaye domin su riƙa kai rahoto. Aikin ya ci rayuka. A Satumban 2012 mahara suka afka wa masu gadi shida a Heban, arewa da gandun, suna cikin sallar asuba. Duk da haka kisan giwaye ya yi sauƙi ƙwarai, suka koma haihuwa, har ƙidayar 2021 ta nuna sun haura 600. Ɓakane sun wuce 10,000, kuma babban kaso na raƙuman dawa jinsin Kordofan da suka rage a duniya a nan suke.

Wannan labarin shi ne hajar da ake sayarwa a Camp Nomade, sansanin alfarma na gandun. Tantuna ne takwas kacal, masu gado da shimfiɗa da fitilu irin na makiyaya, da mai dafa abinci na musamman. Ana kafa su bayan ɗaukewar damina, a kwashe su kafin ruwa ya dawo, domin da damina gandun kan cika da ruwa har mota ba ta iya shiga. Yawancin baƙi kan sauka Njamena daga Turai ko Amurka, su hau ƙaramin jirgi zuwa dajin, su yi kamar mako guda. Kuɗin wannan makon dubban daloli ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 60 na sefa a wata. Akwai kuma masaukin Tinga mai matsakaicin farashi, da wani sansani mai sauƙi da aka tanada don 'yan ƙasa da 'yan makaranta.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjarsu. Baƙi kaɗan masu biyan kuɗi da yawa sun fi sauƙi ga daji a kan motoci ɗari da ke bin zaki guda. Tanti ba ya buƙatar siminti, idan an kwashe shi ciyawa ta koma yadda take. African Parks ƙungiya ce da ba ta neman riba, kuma tsarinta shi ne kuɗin da baƙi suka biya ya koma aikin gandun. Ga kuma albashin direbobi da masu dafa abinci da masu gadi, a yankin da aikin albashi ke da wuyar samu.

Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Tantuna takwas da ke aiki wata huɗu a shekara ba za su iya riƙe jiragen sintiri da man fetur da albashin ɗaruruwan ma'aikata ba. Mafi yawan kuɗin Zakuma daga masu ba da tallafi yake fitowa, musamman Tarayyar Turai da wasu gidauniyoyin attajirai. Amfanin tantin alfarma shi ne yana kawo masu hannu da shuni su gani da idonsu, daga baya su buɗe aljihu. Wannan dabara ce mai aiki, amma tana nufin wanda ke biya shi ke da bakin magana. Bayan haka, wani kaso na abin da baƙon ya kashe ba ya shiga Cadi sam. Kuɗin jirgin sama daga Turai, da ladan kamfanin da ya shirya tafiyar, da na jagoran da ya rako shi, duk a waje suke tsayawa.

Matsala ta biyu ita ce tsaro, kuma mazauna bakin iyakoki sun fi kowa saninta. Gandun Waza a arewacin Kamaru ya taɓa zama abin alfaharin ƙasar. A Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da shi, daga nan kasuwar masaukai da masu rakiyar baƙi ta yankin Marwa ta durƙushe. A Mayun 2019 an sace Faransawa biyu a gandun Penjari na arewacin Benin, aka kashe jagoransu ɗan ƙasar. A ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji tare da direba da jagora 'yan Nijar a Kure, wurin raƙuman dawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hare-hare ya sa ofisoshin jakadanci sun gargaɗi mutanensu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Baƙon da ya fasa zuwa Penjari yana iya sauya tikiti zuwa Tanzaniya. Direban da ke Natitingu da mai sayar da kayan fata a Marwa ba su da inda za su sauya.

Matsala ta uku ita ce ƙasa da ruwa. Da rani, lokacin da baƙi ke zuwa, shi ne lokacin da makiyaya ke gangarowa daga arewa da dubban shanu zuwa fadamun Salamat. Tafkin da ake nuna wa baƙo cike da gauraka da gwanki, shi ne wanda makiyayi ke hange daga bayan iyaka. Idan an rufe burtali ko mashaya ba tare da an ba da madadin ba, shanun kan faɗa gonaki, rikici ya tashi tsakanin manomi da makiyayi. Abin yana shafar kasuwannin dabbobi da fatake Hausawa ke bi daga Cadi zuwa Kamaru da Najeriya. Ba a kuma rasa dalilin sa ido a kan masu gadi: a Mayun 2025 African Parks ta amince cewa an ci zarafin wasu 'yan ƙabilar Baka a gandun Odzala na Kongo Barazabil, bayan binciken da ita kanta ta sa a yi.

Korar masu tanti ba za ta gyara komai ba. Giwayen Buba Njida a Kamaru, da aka karkashe ɗaruruwansu a farkon 2012, sun nuna abin da ke samun dajin da ba shi da isasshen tsaro. Abin da ya kamata shi ne a gyara sharuɗɗa. A riƙa bayyana kuɗin da yawon buɗe ido ya kawo kowace shekara, da abin da aka kashe a ƙauyuka, a karanta shi a gidajen rediyo da harsunan da mutane ke ji. A yanka wani kaso sananne na kuɗin kowane dare ya tafi ga asibiti da makaranta da rijiyoyin kewaye, a ƙarƙashin kwamitin da ke da wakilan manoma da makiyaya da mata. A shata burtalai da mashayai tare da shugabannin makiyaya kafin rani ya shigo. A horar da 'yan ƙasa har su zama manyan jagorori da manajoji, kada su tsaya a wanki da ɗaukar kaya. A kuma buɗe hanyar kai ƙara a kan masu gadi wadda ba ta bi ta hannun mai ba su albashi.

Sasancin da aka yi a Njamena ya tanadi ci gaba da tattaunawa kan sababbin yarjejeniyoyi. Dama ce ga 'yan majalisa da sarakunan Salamat su nemi a rubuta irin waɗannan sharuɗɗa baƙi da fari, domin manomin da giwa ta tattake masa gona ba zai kai rahoton mafarauci ba idan bai taɓa ganin ko dala daga kuɗin tanti ba.