Kafin a Sayi Gem, a Fara Tambaya: Zai Buɗe Idan Babu Intanet?

Labarin kusan iri ɗaya ne a wurin duk matashin da ya tashi daga buga gem a waya ya koma PlayStation ko Xbox. Ya yi watanni yana tara kuɗi, ya sayi PS4 na hannu, ya haɗa da talabijin ɗin ɗakinsa. Burinsa bai wuce ya kara da mutanen duniya ba, kamar yadda ya saba a Free Fire ko Call of Duty Mobile, amma wannan karon a babban allo, da fad a hannu. A daren farko zai gane cewa kuɗin na'urar kafin alƙalami ne kawai.

Abu na farko da zai tare shi shi ne kuɗin wata. Tun fitowar PS4 a 2013, Sony ta mayar da yin wasa da wasu ta intanet abin biya a ƙarƙashin PlayStation Plus. Microsoft ta riga ta, tun da ta buɗe Xbox Live a 2002, Nintendo kuma ta biyo baya a 2018. Wasannin kyauta irin su Fortnite ba su shiga wannan ƙa'ida ba, amma gem ɗin ƙwallon da ya saya da kuɗinsa ya shiga. Sannan idan ya zo buɗe asusun PlayStation zai duba jerin ƙasashe daga sama har ƙasa bai ga Najeriya ko Nijar ba. Dole ya zaɓi wata ƙasa kamar Amurka ko Ingila, ya riƙa sayen katin biya da ake lissafa farashinsa da dala ko fam. Duk ranar da naira ta faɗi, kuɗin wasansa ya tashi. Bayan wannan ga sabuntawa: gem ba zai bar shi ya shiga fili ba sai ya sauke na baya-bayan nan, kuma akwai manyan wasannin harbi da girmansu ya haura GB 100. Wanda yake sayen data da GB biyar-biyar ya san abin da wannan yake nufi.

A ce ya biya duk waɗannan. Akwai sauran abu ɗaya da kuɗi ba ya saye, wato tazara.

Idan ɗan wasa ya danna maɓalli, saƙon sai ya je wata babbar kwamfuta ta kamfanin, wadda ake kira saba, ita ce za ta yanke hukuncin abin da ya faru, sannan amsa ta dawo. Lokacin wannan zuwa da dawowa shi ne ping, kuma da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar gilashi. Wayar MainOne da ta ratsa ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal tana da tsawon kusan kilomita 7,000. Zuwa da dawowa 14,000 ke nan, milisakan 70 sun tafi tun saƙon bai shiga cikin Turai ba. A ƙara hanyar Kano zuwa Legas, a ƙara ta Fotugal zuwa inda sabar take, a ƙara jinkirin turken sabis na unguwa. Mutumin Maraɗi ko Damagaram nasa ya fi tsawo, tunda Nijar ba ta da teku, sai saƙonsa ya bi ta maƙwabta. Ba abin mamaki ba ne a ga ping ya kai 150.

Gem mai nuna hoto 60 a daƙiƙa yana sauya hoto duk bayan milisakan 17 ko ƙasa kaɗan. Ke nan mai ping 150 yana bayan abin da ke faruwa da kusan hotuna tara. Abokin karawarsa da ke zaune kusa da sabar yana baya da ɗaya ko biyu. Shi ya sa yake ba da fasin ya ga ƙwallo ta makara, shi ya sa yake ɓuya bayan bango amma harsashi ya same shi. Sai ya zargi fad ɗinsa, ya zargi hannunsa, ya sayi ƙarin data. Babu ɗaya da zai gyara. Wasu kamfanoni suna da saba a Afirka ta Kudu, amma ita ma ba nan kusa ba ce. Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a 2023, tana taimaka wa mai halin saye, sai dai ba ta ɗauko sabar daga Turai ta kawo ta ƙofar gida.

Saboda haka ne ya kamata matashin da yake da na'ura ɗaya da ɗan kuɗin gem biyu ko uku a shekara ya sake lissafi. Gasar intanet ita ce ta fi cin kuɗi, kuma ita ce wadda yake shiga da ƙafa ɗaya a ɗaure. Abin da na'urarsa ta fi iya ba shi, wanda wayarsa ba za ta ba shi kamarsa ba, yana cikin wasannin RPG.

RPG shi ne gem ɗin da mutum yake shiga rigar wani jarumi, ya fara da rauni, ya yi ta yawo a wata duniya mai faɗi, yana magana da mutane, yana yanke shawara, yana ƙara ƙarfi da makamai har labari ya kai ƙarshe. The Witcher 3, da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar a 2015, misali ne mai kyau don yana gudu a PS4 kuma faifansa na hannu ba ya wuyar samu. Wanda ya bi manyan ayyuka da ƙanana zai iya kwashe sama da awa 100 bai gama ba. Babu kuɗin wata, babu ping. Abin da ya fi jan hankali a cikinsa ba yaƙin ba ne, hukuncin ne: mutum zai yanke shawara a kan rikicin wani ƙauye yana ganin ya yi daidai, sai bayan awanni masu yawa ya dawo ya tarar da abin da shawarar ta haifar. Kuma idan an ɗauke wuta, abin da ya rasa bai wuce 'yan mintunan da suka biyo bayan adanawa ta ƙarshe ba. A wasan gasa kuwa ɗauke wuta faɗuwa ce kai tsaye, wani lokacin har da hukuncin wanda ya gudu daga fili.

A kwatanta da Ultimate Team na gem ɗin ƙwallon EA, wanda aka sani da FIFA kafin a koma kiransa EA Sports FC a 2023. Mutum zai shekara yana tara 'yan wasa, wasu har da sayen fakitin da ba su san abin da ke ciki ba sai sun buɗe. Da sabon gem ya fito a watan Satumba, ƙungiyar ba ta biyo shi, a sake daga farko. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin waɗannan fakiti a matsayin caca tun 2018, har kamfanin ya daina sayar da makin sayensu a ƙasar a 2019. Jarumin da mutum ya gina a Skyrim kuwa, gem ɗin 2011, yana nan yadda ya bar shi ko bayan shekara biyar ya dawo.

Elden Ring na kamfanin FromSoftware, wanda ya fito a 2022 kuma shi ma yana gudu a PS4, ya nuna wata hanyar amfani da intanet da ta fi dacewa da mai raunin sabis. Ana iya buga shi daga farko har ƙarshe ba tare da haɗi ba. Idan an haɗa, mutum zai riƙa ganin gajerun saƙonnin da wasu 'yan wasa suka bari a ƙasa, wani yana gargaɗin tarko a gaba, wani kuma yana yaudara don a faɗa rami, da tabon jini mai nuna yadda wani ya mutu a daidai wurin. Saƙon da aka rubuta jiya ba ruwansa da ping. Mutum yana jin yana cikin jama'a, amma ba a auna shi da saurin layinsa. Idan wani bos ya gagare shi yana iya kiran wani ya taya shi, idan sabis ya yanke kuma ya ci gaba shi kaɗai. Baldur's Gate 3 na 2023 ya ƙara sauƙi ta wata fuskar: yaƙinsa bi-da-bi ne kamar dara, kowa ya jira lokacinsa, kuma mutum biyu za su iya raba allon talabijin ɗaya su buga tare. Matsalarsa ita ce ba ya gudu a PS4, sai PS5 ko Xbox Series, kuma girmansa ba na mai ƙaramar data ba ne.

Sai dai sunan RPG kaɗai ba garanti ba ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi. Diablo IV, wanda ya fito a 2023, RPG ne, ana sayar da shi a faifai, amma ba ya buɗewa sai da intanet ko da mutum shi kaɗai zai buga. Wanda ya saye shi yana zaton ya mallaki gem, a zahiri ya sayi izinin shiga ne kawai. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu suka lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa, ciki har da MainOne da WACS, sabis ya durƙushe a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. A irin wannan rana mai Witcher 3 yana buga abinsa, mai Diablo IV yana kallon faifai.

Wannan ma na 'yan kwanaki ne. Akwai wanda ba ya dawowa. Ubisoft ta rufe sabar The Crew, gem ɗin tseren mota na 2014, a ƙarshen Maris 2024, kuma tunda ba ya aiki sai da haɗi, duk faifan da ke hannun mutane ya zama banza. Abin ya fusata 'yan wasa har aka fara gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. A shekarar 2024 ɗin dai Sony ta fitar da Concord a 23 ga Agusta ta rufe shi a 6 ga Satumba, mako biyu kacal. Ta mayar wa mutane kuɗinsu, an yarda. Amma wanda ya sayi faifansa a hannun ɗan kasuwa a nan, da asusun da yake cewa yana zaune a Amurka, ba kowane lokaci ne hanyar karɓar haƙƙi take buɗe masa ba.

Masu son wasan intanet suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Da yawa ba don kofi suke shiga ba, don abokai ne. Wanda ƙaninsa yake karatu a wata ƙasa, ko abokinsa ya koma Abuja, awa ɗaya ta wasa tare ita ce hirarsu ta mako. Babu RPG na mutum ɗaya da zai maye gurbin wannan. Amma ko a nan akwai zaɓi tsakanin gem ɗin da ake fafatawa da wanda ake haɗa kai. Tun Phantasy Star Online da ya fito a na'urar Dreamcast a shekarar 2000, lokacin da ake shiga intanet ta layin tarho mai tafiyar hawainiya, an nuna cewa mutum huɗu za su iya haɗuwa su yaƙi dodo ɗaya ba tare da layi mai sauri ba. Final Fantasy XIV yana kan wannan turba: yawancin hare-harensa suna da tazarar kusan daƙiƙa biyu da rabi, don haka ɗan jinkiri ba ya kashe mutum a yawancin wasan, sai dai a manyan yaƙe-yaƙe masu tsauri. Yana da gwajin kyauta mai tsawo, kuma a PlayStation ba ya neman PlayStation Plus, kodayake cikakken wasan yana da nasa kuɗin wata. Idan dodo ne abokin gaba, mai ping 150 yana da amfani a cikin tawaga. Idan ɗan Jamus ne mai ping 15, ya zama abin atisaye.

RPG ma yana da nasa nauyin da bai kamata a ɓoye ba. Turanci ya yi masa yawa, kuma wanda yake tsallake magana zai rasa rabin daɗin. Awannin farko sukan yi sanyi, musamman ga wanda ya saba da wasan minti goma. Elden Ring kuma ba ya tausayi, bos ɗin farko na gaske ya isa ya sa mutum ya ajiye fad ya fita shan iska. Sannan gem mai awa 100 yana cin lokacin da ɗalibi ko mai sana'a ya kamata ya san inda zai samo shi. Bambancin shi ne duk waɗannan a hannun ɗan wasa suke. Zai iya koyo, zai iya dakatawa ya dawo bayan jarrabawa, babu kuɗin watan da yake ƙonewa yana jiransa.

Binciken da ake bukata kafin a biya bai kai minti biyu ba. A bayan kwalin faifai akwai ƙananan rubutu da ke faɗin ko gem yana bukatar intanet da kuma girman wurin da zai ci. A shagon PlayStation kuwa, a ƙasan kowane gem ana rubuta ko wasan intanet zaɓi ne ko dole, da kuma ko sai da PlayStation Plus. Wanda yake sayen faifai na hannu a kasuwa yana da wata hanyar da ta fi waɗannan: ya sa mai shago ya cire na'urar daga Wi-Fi, ya saka faifan, ya buɗe gem ɗin a gabansa har jarumin ya fara tafiya.