Littattafan kakanninmu ba kayan gwanjo ba ne

Duk ɗan kasuwar da ke sauka a Circle da kaya daga Aflao, ko Paga, ko Elubo, ya san farashin komai kafin ya kwance ɗaurinsa. Mun san kuɗin atamfa da shadda, mun san na wayar hannu sabuwa da ta hannu, mun kuma san yadda sidi ya kwana da sefa da naira. Amma akwai wata haja guda da ke jibge a gidajenmu na Nima da Maamobi da Sabon Zongo wadda yawancinmu ba mu san darajarta ba, wato tsofaffin littattafan nan na rubutun hannu, na Larabci da na ajami, da iyaye da kakanni suka bari cikin gafaka da akwatunan ƙarfe. Ra'ayinmu a wannan fili shi ne kada a sayar da su, kada a yayyaga su wajen rabon gado, kada kuma a bar su a ƙasa ruwa da gara su cinye.

Domin a fahimci inda muka dosa, bari mu leƙa Italiya, ƙasar da yaranmu da dama suke neman abinci a cikinta. Mutanen can suna da manyan waƙoƙi dogaye da suke alfahari da su. Akwai ta Dante, wanda ya rasu a 1321, mai suna Divina Commedia, mai babi 100 da layi sama da 14,000. Akwai Orlando Furioso ta Ariosto da ta fara fitowa a 1516, da Gerusalemme Liberata ta Tasso ta 1581. Ba yabon abin da ke cikinsu ya kawo mu ba, domin akwai wuraren da suka saɓa wa aƙidarmu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda masu kuɗi da ɗakunan karatu na duniya suke rububin tsofaffin bugunsu masu zane, da kuma ma'aunin da suke auna darajarsu da shi.

Ga misali guda. An fara buga waƙar Dante a 1472 a garin Foligno. A 1481 aka sake buga ta a birnin Fulorans da niyyar a sa wa kowane babi hotonsa, bisa zanen shahararren mai zane Botticelli. Aikin bai kammala ba, hotuna 19 kacal aka iya sassaƙawa, kuma yawancin kofen da suka rage a duniya biyu ko uku ne kawai a cikinsu. Saboda haka kofen da ya haɗa duka 19 ya zama abin da ba a cika gani ba, farashinsa kuma ba ya kusa da na sauran. Haka abin yake ga bugun Ariosto na 1584 da aka yi a Benis, da na Tasso na 1745 mai zanen Piazzetta. Mai saye yana ƙirga shafuka ɗaya bayan ɗaya, yana duba ko ruwa ya taɓa su, sannan ya tambayi hannun da littafin ya bi kafin ya iso gare shi. Abu uku ke nan: cikar littafi, lafiyarsa, da sanin asalinsa. A wannan kasuwa babu wanda ake ƙyama kamar dillalin da ke yanke hotuna daga tsohon littafi yana sayar da su ɗai-ɗai, domin ya ci riba sau ɗaya, ya kashe littafin har abada.

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushen Zongo da wannan? To, ruwansa da yawa. Duk mai tsohon littafi a gida ya ɗauki warƙa ɗaya a hankali ya ɗaga ta ga hasken rana. Sau da yawa zai ga alamar jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Wannan tambari ne na masana'antun takarda na arewacin Italiya, musamman na gidan Galvani da ke yankin Pordenone kusa da Benis. Ta Masar da Turabulus ake kawo ta, raƙuma su ratso Sahara da ita zuwa Barno da Kano, daga nan fataken goro su ɗauko ta zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Ma'ana, yankin da ya ba Turawa takardar da suka buga waƙoƙinsu, shi ne ya ba malamanmu wadda suka rubuta nasu, kuma 'yan kasuwa irinmu ne suka yi dakonta. Su sun riƙe nasu, mu kuwa muna neman sakin namu.

Kada kuma a ɗauka ba mu da mawaƙan da suka isa a adana. A nan Gana aka yi Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda wasu ke kira Imam Umaru, haifaffen Kano a wajen 1858, wanda ya rasu a 1934. Ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar da ya wargaza garin a 1892 ya koma Kete-Krachi ya zama limami, almajiransa kuma suka bazu a zangunan ƙasar nan. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan rushewar Salaga, da zuwan Nasara, da talauci da wadata. Ya kuma rubuta littafi kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, abin da kowane falke na wancan zamani yake bukata. Wanda ke son ya ji yadda kakanninmu suka ji a ransu ranar da Turawa suka karɓe hanyoyin fatauci, to a cikin baitocin wannan malami zai ji.

Abin takaici shi ne, waɗanda suka fi mu kula da rubutunsa baƙi ne. Wani Bajamushe, Adam Mischlich, wanda ya yi mulki a Kete-Krachi lokacin da garin ke hannun Jamus, ya tattara rubuce-rubucensa na ajami ya tafi da su gida. Daga cikinsu ne wani masanin Hausa ɗan ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya fitar da littafi a shekarar 2000 a Balin. Haka ma tatsuniyoyi da labaran da Malam Sha'ihu ya rubuta da ajami a wannan ƙasa, R. S. Rattray ne ya buga su a Ingila a 1913 cikin juzu'i biyu, tare da hoton rubutun malamin. Ba mu zargin waɗannan mutane, domin ba don su ba da wasu takardun sun salwanta. Tambayarmu ga kanmu ce: yau a Nima, gida nawa ne yaro zai iya kawo baiti biyu na Alhaji Umaru?

An taɓa yin yunƙuri mai kyau a nan gida. A farkon shekarun 1960, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, ƙarƙashin Thomas Hodgkin, tare da Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo, ta bi garuruwa tana aron littattafai daga hannun malamai, ta ɗauki hotonsu, ta mayar wa masu su. Ta haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce na Larabci da Hausa da har yanzu masu bincike ke amfani da su. Wannan tsari shi ne daidai: ilimin ya yaɗu, asalin kuma ya zauna a gidansu. Kuma an yi shi a kan kari, domin bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya shanye tsohon garin Kete-Krachi, aka tashi mutane zuwa sabon wuri. Duk wanda ya taɓa yin ƙaura cikin gaggawa ya san takarda ce farkon abin da ke ɓata.

Ruwa kuwa ba baƙo ba ne a gare mu. Idan ba a manta ba, a daren 3 ga watan Yuni na 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a nan Circle sun hallaka mutane sama da 150, Allah Ya ji ƙansu. Duk damina kogin Odaw da babbar kwatar Nima suna shiga ɗakunan jama'a. Tawadar da aka rubuta waɗannan littattafai da ita irin ta gargajiya ce da ake haɗawa da ƙaro, kuma kowa ya san yadda take wankuwa daga allo. Sa'a guda cikin ruwa ta isa ta shafe aikin da malami ya shekara yana yi. Ga gara, ga kyankyaso, ga ɓera, ga kuma laimar gaɓar teku da ke sa takarda ta yi fumfuna ko da ruwa bai taɓa ta ba.

Amma a ganinmu, ɓarnar da ta fi ta ruwa ita ce ta hannunmu. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne sake cikin bango da gafaka, marubuci kan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama domin kada jerin ya rikice. Wannan ya sa rabonsu ke da sauƙi. Malam ya rasu, magada su zauna, a raba Ishiriniya ko Dala'ilu gida uku don kowa ya sami albarka, wani kaso ya tafi Kumasi, wani Lome, wani Agege. Bayan shekara ashirin babu mai cikakke, babu kuma wanda ya san inda shafin ƙarshe yake, alhali a nan ne marubuci kan sa sunansa, wani lokaci har da na malaminsa da ranar da ya gama. Sai kuma dillalan kayan tarihi da ke zagayawa suna neman shafukan da ke da zayyana, irin alamun hizbi da rubu'i masu ja da rawaya, ko zanen Raula da ke cikin Dala'ilu. Su zare masu kyan, su bar wa iyali ragowar. Wannan shi ne ainihin abin da masu tara littattafan Italiya suke tsine wa.

Mun san abin da za a ce mana, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce gidan da babu kuɗin makaranta ko na asibiti, da wane baki za a hana shi sayar da takardar da babu mai iya karanta ta? Ba mu raina wannan uzuri ba. Amma a matsayinmu na 'yan kasuwa mun san cewa wanda ya sayar cikin matsi, bai kuma san abin da ke hannunsa ba, shi ne kullum ake kwara. Idan har sayarwar ta zama dole, to a sayar da littafin cikakke, a fara tallata shi ga dangi, ko masallaci, ko makarantar unguwa, ko jami'a, a kuma ɗauki hotonsa kafin ya bar gida. Wasu kuma za su ce a cikin takardun akwai kundi da laƙanin gida da ba a so bare ya gani. Wannan haƙƙinsu ne. A ware kundin a ɓoye, amma waƙa da tarihi da fiƙihu ba asiri ba ne, don a karanta aka rubuta su.

Akwai kuma gargaɗi na musamman ga masu ƙetare iyaka. Dokar gidajen tarihi ta Gana ta 1969 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izinin hukumar da ke kula da su ba, Nijeriya ma tana da irinta tun 1979. Don haka wanda aka ba shi ƙunshin tsofaffin takardu a tasha aka ce ya miƙa wa wani a Kwatano ko Legas, ya san abin da ya ɗauka. Ladan dako ba zai biya kayan da za a riƙe masa a boda ba, balle mutuncinsa.

To mene ne abin yi? Ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ɗauke akwatin daga ƙasa a ɗora shi a kan abu mai tsawo, nesa da bango mai laima. Kada a ƙulle takardu cikin leda, kada a liƙa musu salatif, kada a kai su a manne su da roba, kada kuma a shanya su a rana. A naɗe kowane littafi daban cikin farin ƙyalle mai tsabta. A sami malamin da ke karanta rubutun Magaribi da ajami ya faɗi sunan kowane ɗaya, a rubuta a takarda daban tare da sunan mai shi na asali da garin da ya fito. Sannan yaran gida su ɗauki hoton kowane shafi bi da bi da wayar nan da ake saya a Tiptoe Lane, a ajiye kofe a wuri fiye da ɗaya. Wajen gado kuwa, a tambayi malamai hanyar da za a yi wa littafi ƙima, magaji ɗaya ya biya sauran, ko a mayar da shi waƙafi. Ga masu tarin da yawa, Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shiri tun 2004 na tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, kuma sharaɗinsa shi ne asalin ya zauna a ƙasarsa.

Mutanen Tambutu sun nuna mana cewa iyalai ne garkuwar littafi. A farkon 2013 an ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmed Baba, amma mafi yawa sun tsira domin mutanen gari, irin su Abdulƙadir Haidara, sun riga sun kwashe su cikin akwatuna ta mota da kwalekwale zuwa Bamako. Mu ba bindiga ke barazana ga namu ba, sakaci ne kawai.

Muna kira ga sarakunan Zongo, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su ware ko da ɗaki ɗaya ne a bene, a Nima ko Maamobi, inda iyalai za su iya ajiye littattafansu bisa amana da rasit, kamar yadda muke barin kaya a hannun maigida a zango. Alhazai da hajiyoyin da Allah Ya buɗa wa, kuɗin kabad biyu da albashin mai kula ba su kai abin da ake kashewa a biki ɗaya ba. Fatake ne suka kawo takardar, su ne suka ciyar da malaman da suka rubuta a kanta, don haka jikokin fatake ne ya fi cancanta su tsare ta. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.