Muna Noma Doya, Amma Muna Jin Kunyar Kai Ta Gaban Baƙo



A walimar da na halarta kwanan nan a Kuta, farantin kowa iri ɗaya ne: dafa-duka, tsokar nama, sai kabeji da bama a gefe. Ko yankan doya ɗaya ban gani ba, alhali daga nan da kasuwar Gwada ake loda ta ƙwarya-ƙwarya a manyan motoci zuwa Kano da Legas. Abin ya tsaya mini a rai.

A ganina mun raina abin da muke nomawa, kuma mutanen tsibiran Karibiyan sun fi mu gane darajarsa. Yawancinsu jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne, cimarsu kuma ba ta yi nisa da tamu ba. A Jamaika, dafaffiyar doya da ɗanyar ayaba su ne ke raka kifi ko nama. Suna da shinkafa da wake, sai dai su da madarar kwakwa suke dafawa. Ganyen da suke kira kalalu alayyafo ne, a sulala shi da albasa da attaruhu a zuba a gefen faranti. A Barbados kuwa, abincin da ƙasar ke tinƙaho da shi tuwon masara ne da aka tuƙa da kuɓewa a ciki, a ci da kifi. Hatta zoɓo suna sha, musamman lokacin Kirsimeti.

Da Usain Bolt ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2008 a Beijin, mahaifinsa cewa ya yi doyar yankinsu na Trelawny ce sirrin gudunsa. Ko da wasa yake, ai ya tallata amfanin gonarsu a duniya. Mu fa?

Na san za a ce doya abincin kullum ce, baƙo kuma shinkafa yake sa rai. Gaskiya ne, ban ce a kori shinkafa ba. Magana nake kan gefen farantin. Kuɗin da ke tafiya a kan kabeji da kwalbar bama zai iya komawa hannun manomin Shiroro, wanda yau da fargabar 'yan bindiga yake zuwa gona, doyarsa kuma in ta daɗe ba a saya ba ta bushe ko ta ruɓe.

Ba sai mun kwaikwayi komai ba. Wasu girke-girkensu da naman alade ake yi, wannan ba namu ba ne. Amma soyayyiyar doya, agade, alayyafo da kifin madatsar Shiroro duk muna da su. Ina ba da shawara a taronmu na gaba mu gwada haka, iyayenmu mata masu girki su faɗa mana nawa zai ci a kan faranti ɗari.