Bel ɗin ɗaga ƙarfe don ciki aka yi shi, ba don baya ba

Dubi bel ɗin da ake sayar wa masu ɗaga ƙarfe: faffaɗa a baya, siriri a gaba, an cusa masa soso don ya yi laushi. Wannan ƙira kuskure ce, kuma bayanka ne zai biya kuɗinta.

Bel ba ya tallafe ƙashin baya kamar yadda karan ɗori ke riƙe karaya. Aikinsa ya zame wa cikinka bango: ka ja numfashi, ka tura ciki a jikinsa, matsin da ya taru a ciki shi ke tsayar da gadon baya. To, in gaban siriri ne, me cikin zai tokara?

Tafi wurin baduku. Ka ce kirgi kake so, ba fatar akuya ba, komai kyan jar fatar Sakkwato, domin tana miƙewa. Faɗi santimita 10 daga baki zuwa baki, kauri milimita 10, a haɗa fata biyu a ɗinke da zare mai ƙwari. Hukumar IPF ma ba ta yarda a wuce wannan faɗin ba, kauri kuma iyakarsa milimita 13.

In kana da hawan jini, ga likita tukuna: riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana ɗaga jini ƙwarai.